Ba Fannami da Motar Ƙarfe Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Guri daga Haɗejiya cikin shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce ya san Ba Fannami, wato Baba Fannami da Barbarci, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai tsage a kumatu da yake zama a kan benci a bakin rumfar Tashar Fadama, fuska a murtuke tun safe. Ba shi da mota, ba shi da ofis, ko kujera mai hannu ba a taɓa ba shi ba. Aikinsa ɗaya ne, shi yake riƙe layi. Shi yake cewa wannan mota ce za ta yi lodi yanzu, waccan ta jira. Wanda bai san tasha ba zai ce ai wannan ba aiki ba ne. To, ya je ya gwada raba direba goma sha biyar masu jin yunwa a kan fasinja bakwai, ya dawo ya ba mu labari.

Kakansa daga bakin Tafkin Chadi ya zo da bandar kifi da kanwa a kan jakuna, ya ga ruwan Haɗejiya ya yi masa, ya zauna. Ubansa malami ne, ya so ƙwarai ya gaje shi, amma shi Fannami tun yana ƙarami in ya ji ƙugin mota sai hankalinsa ya bar karatu. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya zama direba, ya yi shekara goma sha huɗu yana jan babbar mota tsakanin Haɗejiya da Nguru, ba a taɓa jin ya buge ko akuya ba.

Abin da ya sauke shi daga mota bai kai a ba da labarinsa ba a wurin wasu. Wata Laraba da azahar ya baro Birniwa da buhunan gero da mutum tara a sama. Yana tuna ya wuce wata kuka. Abin da ya sake tunawa shi ne karan dawa yana dukan gilashi, mota ta yi nisa cikin gonar mutane, mata suna salati. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Mai gonar ma da ya iso dariya ya yi, ya ce Allah ya tsare gaba. Amma Fannami ya lallaɓa ya kai motar gida, ya miƙa wa mai ita makulli, kuma daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. In an dame shi da tambaya sai ya ce shi bai ji lokacin da barcin ya zo ba, abin da ya ba shi tsoro ke nan.

Da haka ya dawo tasha, aka ba shi layi. A jikin bangon rumfar akwai ƙusoshi a jere. Direba in ya shigo sai ya cire hularsa ya miƙa wa Ba Fannami, shi kuma ya rataye ta a ƙusar da ke bin ta ƙarshe. Hular da ke ƙusar farko, mai ita ke lodi. In ya tashi, kowace hula ta matsa gaba. Ba a bukatar biro, ba a bukatar iya karatu, makaho ma in ya shafa bango ya san wa ke gaba. Wannan tsari tarar da shi ya yi a tashar. Abin da ya ƙara na kansa shi ne kallon ido. Lokacin da direba yake miƙo hula, sai ya ɗago ya dube shi sosai. In ya ga idon ya yi ja, ko ƙiftawar ta yi nauyi, ko an gai da mutum ya daɗe bai amsa ba, sai ya rataye hular a kife. Ma'anarta kowa ya sani: je ka kwanta gindin bishiyar maina, layinka yana nan, in ka tashi kai ne na gaba. Wasu sun gwada yi masa gardama. Ba su sake ba, domin Ba Fannami in ya buɗe baki yakan wanke mutum da Hausa, in ta ƙare ya ɗora da Barbarci.

Ba wai tsarin huluna ba shi da aibi ba. Mota ba ta tashi sai ta cika. Mace mai goyon mara lafiya takan zauna tun hantsi har azahar ana jiran mutum biyu. Masu ɗanyen kifi suna kallon kayansu yana laushi a rana, suna tsine wa direba da tasha gaba ɗaya. Ba Fannami ya san da haka, yana kuma jin zafinsa, sai dai bai san yadda zai gyara ba.

A cikin direbobin akwai Yunusa, mijin Mardiyya, 'yar farin Ba Fannami. Yaro ne mai sanyin hali, mutumin Guri, yana da 'yar gonar shinkafa a bayan jingar garinsu. Shekara bakwai da auren, 'ya'ya uku, amma a tasha maganarsa da surukinsa ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ba Fannami ba ya faɗin sunansa, sai dai ya ce “mai lamba tara”. Shi kuma Yunusa ba ya ɗaga kai a gabansa, hularsa ma ta hannun wani yake aikawa. Kuma don kada a ce yana son kai, Ba Fannami ya fi matsa masa a kan kowa. In sun shigo tare da wani, wancan ne gaba. In an yi rigima a kan fasinja, Yunusa ne mai laifi tun kafin a ji ba'asi. Mutanen tasha suna yaba masa, suna cewa tsohon nan ko surukinsa ba ya ragawa. Yana jin daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata, kuma bai taɓa tambayar kansa ko adalci ne ba.

Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar direbobin Tashar Fadama ta samu sababbin bas guda goma sha biyu, farare masu koren layi a jiki. A shekarar ne kuma aka zaɓi Alhaji Mala ciyaman. Alhaji Mala tsohon direba ne, kuma a zamanin da yake tuƙi babu hular da aka fi kifewa kamar tasa, domin mutum ne mai haɗama, in da hali sau biyar zai je Guri a yini. Ya yi ƙiba, ya je Makka, ya sa haƙorin zinare, amma bai manta da kifewar nan ba ko ɗaya.

Shi ya kawo Injiniya Adam, ɗan garin nan da ya yi karatu a Kano, ya tsara wa motocin lokaci. A faɗi gaskiya, yaron yana da ladabi, kuma ya san aikinsa. Ya yi mako biyu cikin watan Maris yana shiga kowace mota da agogo a hannu, yana rubuta minti nawa ake yi zuwa Kafin Hausa, nawa zuwa Birniwa, nawa zuwa Guri, ƙarfe nawa 'yan makaranta suke fitowa, wace rana ce kasuwar ina. Ya zuba duka a kwamfuta, ta fitar da jadawali. Kowace mota tana da lokacin tashi, ta cika ko ba ta cika ba. Direban Guri zai yi sawu uku a yini, awa ɗaya da minti goma zuwa, haka dawowa, da hutun rabin awa a kowane gefe.

Ranar da aka karanta jadawalin a taro, kowa ya tafa. Ba Fannami bai tafa ba, sai ya ɗaga hannu.

“Ɗan nan, da ka je Guri, wace hanya direba ya bi da kai?”

“Ta cikin fadama, Baba,” in ji Adam. “Ita suka ce sun fi bi.”

“Wannan hanyar rani ce. Watan takwas in kana son binta sai ka nemi kwale-kwale. Damina ta kwalta ake zagayawa, a sauka burji, a bi kan tudu. Awa biyu da rabi, in an yi sa'a. Ina rabin awar hutun naka a lokacin?”

Adam bai yi musu ba. Ya rubuta a littafinsa, ya yi godiya, ya ce wannan jadawalin rani ne ke nan, in ruwa ya sauka zai dawo ya sake aunawa. A gaban mutum arba'in ya faɗi haka. Daga nan aikinsa ya ƙare, ya koma Kano, takarda ta zauna a hannun Alhaji Mala.

Abin da Alhaji Mala ya yi da takardar shi ne abin haushin. Maimakon a rubuta jadawalin da alli yadda za a iya gogewa, sai ya kira mai fenti aka zana shi a ƙaton allo da fentin mai, da sunansa da muƙaminsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Sannan ya ƙara dokar da babu ita a kwamfutar kowa: direban da ya saɓa lokacinsa sau uku, a karɓe makulli a ba wani, tunda direbobi masu jiran a ba su mota sun fi motocin yawa. Ya sa aka zare ƙusoshin bango ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye yana kallo. Aka kafa agogo a wurin, aka miƙa wa Ba Fannami usur da igiya. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana raba layi aka mai da shi mai busa usur, in allura ta kai ya hura.

Kuma abin takaici, da farko tsarin ya yi kyau. Fasinja suka daina zaman jira. Masu kifi suka daina tsinuwa. Ya Mairam, matar Ba Fannami, ta je suna Kafin Hausa da safe ta dawo kafin la'asar, ta shigo gida tana cire mayafi tana dariya.

“Malam, ashe allo ya fi ka iya aiki? Shekara nawa ina kwana a hanya saboda hulunanka!”

Ranar tuwon ma rabi ya ci. Amma a ransa ya yarda yaron Kano ya gyara abin da shi ya kasa, kuma wata huɗu yana busa usur ɗinsa ba tare da ƙorafi ba.

Sai damina ta kankama. Ruwan shekarar ya zo da yawa, ciyawar kacalla ta toshe masa hanyoyinsa, ya bazu ko'ina ya ga dama. Kafin tsakiyar watan takwas hanyar fadama ta zama wurin jefa koma. Motocin Guri suka koma zagaye, kamar yadda aka faɗa a taro. Allo kuwa yana nan yadda yake, awa ɗaya da minti goma. Direba sai ya fito tun bayan sallar asuba don ya rage, ya take mota a kan burji mai santsi, ya iso Guri a makare, ya juyo ko ruwa bai sha ba, ya shigo Haɗejiya ya tarar lokacin tashinsa na gaba ya yi ko saura minti biyar. Hutun rabin awa ya tafi gaba ɗaya. Salla a gefen titi, abinci a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya. A cikin mako uku aka karɓe makullin mutum biyu, magidanta, ba don sun yi laifin komai ba sai don kogi ya cika.

Sau uku Ba Fannami yana zuwa ofishin ciyaman. Na farko aka ce ya yi haƙuri, ana dubawa. Na biyu aka ce Alhaji ya tafi Dutse. Na uku ya same shi yana shan shayi a ƙarƙashin fanka.

“Mala, ka kira yaron nan ya sake aunawa. Da bakinsa ya ce jadawalin rani ne.”

“Alhaji Mala,” in ji ciyaman, yana gyara masa. “Ba Fannami, wannan allo masana suka tsara shi da na'ura. An zo daga nesa an ɗauki hotonsa. Ba zan goge shi don direbobi suna son barci ba. Zamanin hula ya wuce, ka haƙura.”

“Na'urar taka ta taɓa zuwa Guri da damina?”

“Kai dai ka busa usur.”

Daga ranar Ba Fannami ya shiga yi wa allo zamba, kuma bai ji kunyar hakan ba. In ya ga idon direban Guri ya canza, sai ya yi wa na Kafin Hausa raɗa su yi musanya, tunda hanyarsu gajera ce. Wata Talata wani direba mai suna Haruna ya shigo yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ba Fannami ya fizge makullin daga hannunsa a gaban kowa, ya nuna masa gindin maina, ya tura wani da motar. Haruna ya yi barcin awa huɗu bai motsa ba.

Labari ya kai kunnen ciyaman kafin magariba. Washegari ya tara 'yan tasha, ya ce an gaya masa akwai wanda ya mai da tashar ƙungiya gidan ubansa, yana da 'yan lele, wanda ya so ya kwanta, wanda bai so ba ya tashi. Bai kama suna ba, amma ya ƙara da cewa wasu ma suna da surukai a cikin direbobi, za a zuba ido a gani. Aka yi 'yar dariya. Wannan dariya ta shiga Ba Fannami fiye da zagi. Shekara bakwai yana danne yaron nan don kada a faɗi wannan kalma, ga shi an faɗe ta a bainar jama'a.

Alhamis ce ta biyo baya. Ƙarfe biyu saura minti goma motar Yunusa ta shigo daga sawu na biyu, taɓo har gilashi. Ƙarfe biyu daidai allo ya ce ta sake tashi. Kowa a tashar ya san halin da Yunusa yake ciki. Ruwa yana cin jingar Guri, kuma kwana uku ke nan in ya ajiye mota sai ya wuce ɗaukar buhunan yashi tare da mutanen gari, domin in jingar ta fashe shinkafarsa ce ta farko. Kowa kuma ya san an riga an rubuta masa saɓa lokaci sau biyu. Saura ɗaya a karɓe makulli.

Yunusa ya sauko ya gai da surukinsa daga nesa, kai a ƙasa kamar kullum. Ba Fannami bai ga idonsa ba, tunda ba ya kallonsa, amma ba sai ya ga ido ba. Ya ga yaron ya ce “Baba, ina wuni” sau biyu, bai san ya riga ya faɗa ba. Ya ga makulli ya suɓuce masa, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Ya ga ya jingina da ƙofar mota, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe kafin ya miƙe. Da a ce wani ne, ko Haruna ko waninsa, da tuni makullin yana aljihun Ba Fannami.

Alhaji Mala kuwa ranar ya sa an fito masa da kujerar roba bakin rumfa, yana cin dafaffiyar masara da abokansa biyu. Ya dubi agogo, ya dubi motar, ya ce da ƙarfi yadda har masu sayar da rake za su ji: “To, yau za mu ga ko doka tana hawa kan kowa.”

Haruna ya matso kusa da benci, ya rage murya. “Ba, ni na huta, sai ƙarfe huɗu nake da tashi. Bari in karɓe shi. Wallahi yaron nan ba ya gani.”

Mafita ke nan a gabansa, a sauƙaƙe. Ba za a rubuta wa Yunusa na uku ba, mota ta tashi a kan lokaci, direba mai ƙarfi a kan sitiyari. Abin da zai biya kawai shi ne a ce Ba Fannami ya yi wa surukinsa alfarma. Ya ji idon mutane a bayan wuyansa. Ya ji ciyaman yana tauna. Ya tuna yabon da aka saba yi masa, ya ga yau za a karɓe shi a gaban masu rake.

“Kowa ya ja tasa,” ya ce wa Haruna, bai ko dube shi ba.

Ya ɗaga usur ya busa. Yunusa ya shiga, fasinja goma sha ɗaya a bayansa, ya fita daga tashar a hankali.

Ana kiran la'asar waya ta shigo. A kan burjin nan mai ruwa dama da hagu, motar ta bar hannunta sannu a hankali, ba burki, ba kauce wa komai, ta daki kan kwalbati ta kwanta a gefe. Masunta da ke kusa suka fitar da fasinja ta taga, wasu da karaya, wasu da yanka, duka da ransu. Direba ne gaban motar ya danne wa ƙafar dama. Sai da aka nemo ƙarafa aka ɓanɓare kafin a zaro shi.

Ba Fannami bai yi salati ba, bai zauna ba. Ya nufi wurin mai faci, ya ɗauki ƙarfen cire taya, ya dawo ya far wa allon nan. Tsoho mai shekara sittin da biyu, sai da ya tsaga shi gida uku, ya taka sunan ciyaman da takalmi. Babu wanda ya yi ƙarfin halin riƙe shi. Alhaji Mala ya fito yana cewa gangancin direba ne, za a kafa kwamiti.

“Kwamitin uwar wa?” in ji Ba Fannami. “Sau uku na zo ofishinka! A gaban mutum arba'in aka ce maka wannan na rani ne! Ka san hanyar Guri kamar yadda na santa, Mala, ka shekara goma kana binta. Ka san babu ɗan adam da zai yi sawu uku da damina. Ba ka goge ba don sunanka yana jiki, shi ke nan. Don fenti! Ka raba magidanta biyu da abincinsu don fenti, yau ka kusa kashe mutum goma sha biyu. Allah ya isa tsakanina da kai!”

Alhaji Mala ya ja da baya har ya jingina da ƙofa. Fuskarsa ta yi fari-fari, amma bakinsa bai mutu ba.

“Na ji,” ya ce. “Amma wa ya busa usur?”

Ba Fannami ya tsaya da ƙarfen a hannu, ya buɗe baki, Hausa ba ta zo ba, Barbarci bai zo ba. Ya ajiye ƙarfen a kan benci ya fita.

Injiniya Adam ya ji labari a Kano, ya zo ranar Asabar ba tare da an kira shi ba. Ya shiga motar Guri sau biyu da agogonsa, ya zauna da direbobi, zuwa yammacin Lahadi ya fitar da jadawalin damina: sawu biyu, hutun awa ɗaya, direban ko-ta-kwana guda, kuma mai riƙe layi yana da ikon sauke duk wanda ya ga bai dace ya tuƙa ba. Kwana biyu kacal aikin ya ci. Kwana biyun nan ne aka hana tun farkon watan takwas. An rubuta sabon da alli, an soke dokar sau uku, an mayar wa magidantan nan biyu makullansu, kuma babu wanda ya nemi ciyaman ya sauka. Yana nan har gobe, ya ma ce shi ya kira injiniyan.

A duk kwanakin nan Ba Fannami bai taka asibiti ba. Ya san likitoci sun yi iya yinsu, ƙafar ba ta gyaru ba, an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ya Mairam tana can tun ranar farko. Shi kuwa kullum da uzurinsa, yau tasha ba kowa, gobe ai bai kamata suruki ya ga surukinsa a kwance ba. Ranar Litinin da safe ta tsaya masa a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu.

“Malam, kunyar nan ta isa haka. Ka ɗauki kwanon nan mu tafi, ko in tafi in ce musu ka ce ba ka zuwa.”

Ya karɓi kwanon.

Ɗakin marasa lafiyar yana da gado takwas, na Yunusa ne na ƙarshe kusa da taga. Ya rame, an lulluɓe shi da zane daga ƙugu zuwa ƙasa, zanen ya tashi a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya kwanta. Yana ganin surukinsa ya shigo sai ya dafa katifa, ya fara jan jiki zuwa bakin gado zai sauko ya durƙusa. Sai da Mardiyya da wata ma'aikaciya suka danne shi.

“Baba, sannu da zuwa,” ya ce, kai a ƙasa. “A yi haƙuri, Baba. Na ɓata musu mota, na jawo maka magana. Wallahi ban ji lokacin da barcin ya ɗauke ni ba.”

Ba Fannami ya ce Allah ya ba da lafiya. Ya sake cewa Allah ya ba da lafiya. Ya ajiye kunu a kan loka, ya tsaya kaɗan, ya juya ya fita da sauri, zuciyarsa tana tafasa, kuma a karon nan babu Mala a kusa da zai sauke wa.

A baranda Mardiyya ta iske shi. Da yake 'yar fari ce, tun tasowarta ba ta saba tsayawa gabansa ta yi doguwar magana ba. Ta rusuna kaɗan, goyon ƙaraminsu a bayanta, idonta a bushe.

“Baba, Haruna ya zo dubiya jiya. Ya ce ranar Talata kai ka ƙwace masa makulli ka sa shi ya kwanta. Haka ne?”

“Haka ne.”

“Ya ce ranar Alhamis ya roƙe ka ya karɓi motar, ka hana.”

“Haka ne.”

“Shi Haruna, mene ne naka?”

“Ba komai.”

Ta gyara goyon, ta dubi ƙofar ɗakin da mijinta yake kwance, sannan ta ɗago ta dubi ubanta a fuska.

“Ashe da bai aure ni ba, Baba, da yanzu yana da ƙafarsa.”